Wankin Lagireton Baba

Tarihin kowace al'umma yana kwance ne a cikin lagireton motocinta. Mai son sanin irin ruwan da Gombe ta sha tun zamanin soja ba sai ya wahalar da kansa zuwa laburare ba. Ya kwance murfin lagireton motar mahaifina kawai, ya leƙa.

Motar ƙirar Faransa ce, kuma ta girme ni. Baba ya saye ta yana sufeton makarantu. Ta sha ruwan rijiya, ta sha na tanka, ta sha na 'yan garuwa mai barin farin ɓawo a gindin tulu. Da ɓarin jikin Baba ya shanye, aka lulluɓe ta da tamfol a gidanmu na Pantami, shi a ɗaki, ita a tsakar gida.

A damina ta biyu likita ya daina canza masa magani, Baba kuwa ya gane karatun. Ya ce yana so ya ga yayarsa, Goggo, a ƙauyenmu can bayan Dukku. Ita ma tsufa ya zaunar da ita. Na ce zan aro motar maƙwabci. Ya kaɗa hannun da ya rage masa.

"Tawa," in ji shi. "Ba za ta gan ni a motar aro ba."

Muka sa mata batir, ta tashi. Amma kafin in kai filin wasa allurar zafi ta haye ja, tururi na fita ta gaba. Na kira bakaniken layinmu. Ya tsoma yatsa a lagireton, ya zaro shi da jan abu mai kauri.

"Malam, wannan lagireto ne ko tukunyar kunu? Wanki take so. Kanwa da garin sabulu, ta kwana da su, gobe mu ɗauraye."

Inna tana tsintar shinkafa a ƙofar kicin. "Ku dai bi a hankali," in ji ta. "Rabin ƙwan kajina motar nan ta shanye."

Ashe duk sanda lagireton ya fara yoyo, sai Baba ya fasa masa ɗanyen ƙwai yana da zafi, ƙwan ya dahu a bakin hujin ya toshe shi. Wani lokaci har da garin barkono. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana duba yadda ake koyar da kimiyya ke nan.

Bakaniken ya yi dariya. "Hajiya, ai shi ya sa take zazzaɓi. Ashe teburin mai shayi muka buɗe."

Washegari muka cire tiyon ƙasa. Ruwan farko ya fito kamar na kwata, da wari. Na biyu ya zo da guda-guda. Muka yi ta zuba jarka bayan jarka har ya fito garau, kamar a sha. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Muka mayar da tiyo, muka cika, muka tayar.

Ɗigo ɗaya ya fara. Sannan ko'ina, kamar rariya. Tsatsa ta daɗe da cinye ƙarfen, ƙwan da laka ne ke riƙe da ruwan. Mai walda ya toshe nan, can ya ɓalle, har ya ajiye wutarsa ya ce ba a ɗinka takarda. Irin lagireton kuma babu a Gombe, sai an aika Kano an bincika wurin masu tsofaffin kaya.

Kullum da safe, in na shiga gaishe shi, Baba sai ya ce, "Ta tashi?"

"Saura kaɗan, Baba."

Na sake ambaton motar maƙwabci. Ya juya fuskarsa bango. Inna ta ce in bar shi, tun suna amare haka yake.

Ya rasu wata Laraba da hantsi. Goggo a waya ta ji, wani jikanta yana riƙe mata a kunne.

Lagireton da muka aika nema Kano ya iso ranar sadakar bakwai. Ya zauna daidai, ba ya yoyo.