Ta'aziyyar da Onarabul Bai Ƙarasa Ba

Ni mai lasifika ne. Biki, wa'azi, saukar karatu, taron siyasa, duk abin da ake so a ji daga nesa a garinmu da ƙauyukan kewaye har zuwa Nasarawa Burkullu, ni ake nema in ɗauro kayana a bayan babur. Saboda haka na san muryoyin manya ciki da waje. Na san mai yin gyaran murya kafin ya shara ƙarya, na san wanda ba ya iya magana sai an yi masa tafi. A cikinsu duka akwai murya ɗaya da na rantse da Allah ba za ta ƙara bi ta lasifikata ba, muryar tsohon ɗan majalisarmu, wanda har yau muke kira Onarabul ko da yake ya daɗe da rasa kujerar.

Ga dalili. Shekarun da zinari ya ɓulla a ƙasarmu, maza kan haƙo dutse a daji su kawo gida, mata su daka a turmi a tsakar gida, ga injin niƙa a tsakiyar unguwa yana tayar da ƙura. Sai yara ƙanana suka fara wani irin ciwo, amai da jijjiga, ido ya kakkafe. Likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin ƙurar dutsen, a fitar da aikin daga gari. Mutane suka tsorata. Inna, mahaifiyata, ta kife turminta ta ce ta bari.

Ana cikin haka Onarabul ya zo, lokacin yana kan kujera, kuma kowa ya san yaransa ne ke sayen zinarin. Aka taru a filin makaranta. Ya ce zazzaɓin damina ne da muka sani tun kaka da kakanni, ya ce 'yan hamayya ne da baƙi ke son raba talaka da arzikin da Allah ya ajiye masa a ƙarƙashin gonarsa. Ni na miƙa masa makirfo. Ni na ƙara murya da hannuna don a ji sosai. Abin da mutane ba su lura da shi game da lasifika shi ne tana tsallake katanga. Matan da ba su zuwa taro duk sun ji shi daga cikin gidajensu, Inna ma ta ji. Washegari ta tayar da turminta.

Ɗiyata ta fari tana da shekara uku, ba ta rabuwa da gindin kakarta. Ciwon ya kama ta, muka nufi asibiti. A hanyar Anka ta cika, a kan babur, tsakanina da uwarta. Na ji lokacin da jikinta ya saki a bayana, amma ban tsaya ba sai da muka kai, don ban san abin da zan ce wa uwarta ba in na tsaya.

Onarabul bai taka garin ba bayan wannan. Ya aiko da buhunan shinkafa gidan mai gari, shi ke nan. Zaɓe ya zo ya faɗi, ya tattara ya koma birni. Aka kwashe ƙasar gidajenmu aka zuba sabuwa, aka fitar da injuna can bayan gari kusa da tsauni. Inna kuwa tun daga ranar ba ta ƙara ɗaukar jariri a hannunta ba, har 'ya'yan da na haifa daga baya. In aka miƙa mata sai ta ce hannunta ba shi da kyau.

To, sai ga zamanin waya. Mutumin da muka ɗauka mun rabu da shi sai ya dawo cikin aljihun kowa. Kowane mako sai ya saki saƙon murya: ra'ayinsa kan taki, kan 'yan bindiga, kan tarbiyyar yara. Tarbiyyar yara fa! A teburin mai shayi kullum gardamar ke nan. Wasu su ce dattijo ne, ya ga jiya ya ga yau, dole a saurare shi, ai shi ya haƙa mana rijiyar burtsatse, shi ya kai wane Makka. Har ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce mini, “Yaya, a riƙa raba magana da mai ita. In ya hwaɗi gaskiya sai a ƙi don shi na?” Na ce masa ya tashi daga gabana kafin in watsa masa shayin.

Na yarda ana iya jure surutun mutum a waya. Amma bana abin ya wuce surutu. Daji ya lalace, 'yan bindiga sun tare masu niƙa a gindin tsauni har sau biyu. Masu aikin, yawancinsu baƙi ne da suka zo neman abinci daga wasu jihohi, da samarinmu da ba su da wayo lokacin da abin ya faru, suka fara cewa a maido da injuna cikin gari inda akwai tsaro. Ban ga laifinsu ba, ransu suke ji. Mai gari ya kasa yanke hukunci. Sai ga saƙon Onarabul: ya ce a maido, ya ce wancan zancen dalma an zuzuta shi ne, kuma zai zo da kansa ranar Asabar ya yi wa jama'a bayani. Inda ake son kafa injin kuwa, bayan katangata ne, kuma ina da yara biyu da ba su daina cin ƙasa ba.

Mai gari ya aiko a kira ni. Ya ce, “Ka kawo kayanka ran Asabar, hilin makaranta.” Na ce to, ranka shi daɗe. Na fito zuciyata tana tafasa. Na yi tunanin zuba wa janareta ruwa, na yi tunanin tsinke waya in ce ɓera ne. Amma na san za a ɗauko lasifikar masallaci, ni kuma in zama abin dariya, shi ya yi maganarsa lafiya lau. Ba na son ya sha wahalar magana. So nake kada ya yi ta sam, kuma ya ji a jikinsa.

Ranar Asabar ya iso bayan azahar da motoci uku. Ya tsufa, ya yi furfura, amma tumbin na nan da babbar riga fara sol. Direbansa ya gaya mini awa ɗaya kawai za su yi, don kowa ya san ba a bin hanyar nan in rana ta yi sanyi. Fili ya cika maƙil.

A sana'armu akwai abu guda. Kafin kowane babba ya buɗe baki, mai lasifika ne ke fara riƙe makirfo, ya hura, ya yi sallama, ya tambaya ko ana ji a baya. Ɗan lokacin nan kaɗai ne talaka irina ke da murya fiye da hakimi. Na murɗa ƙarar har ƙarshe. Na hura, na ce:

“Assalamu alaikum. Ana ji? Mata na cikin gida, kuna ji? To, muna yi ma Onarabul barka da zuwa. Kun san rabonshi da garin ga tun kahin rasuwar yaranmu. Shi kuwa mutum na da ya san addini, ya san al'ada, ba ya hawa mumbari bai yi ma mutane gaisuwa ba. Saboda haka duk gidan da anka rasa yaro a wancan lokaci, a shimhiɗa tabarma, ga shi nan tahe ta'aziyya.”

Mai gari ya harare ni kamar ya cinye ni ɗanye. Amma wa zai tashi a gaban jama'a ya ce kada a yi ta'aziyya? A wurinmu gaisuwar mutuwa ba ta tsufa. Ko shekara ashirin ka yi a tafiya, in ka dawo sai ka bi gidajen da aka yi rashi kafin ka zauna a majalisa. Liman, tsoho mai tsoron Allah wanda shi ya sallaci yaran nan ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe da sandarsa ya ce, “Haka na. Bismillah, mu tahi.” Onarabul ya yi murmushin dole, ya gyara hula. Ina jin ya ɗauka gida biyu ne ko uku.

Muka fara daga unguwar yamma. A kowane gida sai a cire takalmi, a durƙusa a kan tabarma, ya ce ya haƙuri, a amsa, Liman ya yi addu'a, a shafa, a tashi. Ba a gaggawa, kuma ba a tsallake gida, don tsallake mai rashi zagi ne. Mu fito daga wannan zaure, sai ga tabarma a shimfiɗe a na kusa da shi. Wani gidan sai an yi addu'a sau biyu, wani sau uku, domin Liman ba ya haɗa yara a addu'a ɗaya. Farar rigar nan ta yi jirwaye da gumi da jar ƙasa a gwiwa. Na ji ya sunkuya ya tambayi mai gari saura gida nawa. Mai gari ya ce, “Ranka shi daɗe, ba mu hita unguwar farko ba.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Daɗi mai ɗaci, amma daɗi. Duk durƙuson da ya yi yana nishi, sai in ji kamar an sauke mini dutse ɗaya daga ƙirji. Na kuma lura da baƙi masu niƙa da samarin da ke biye da mu. Da farko suna hira suna danna waya. Kafin mu kai gida na goma duk sun mayar da wayoyin aljihu. Su labari suka ji, ba su taɓa ganinsa ƙofa bayan ƙofa ba.

Rana ta karkata lokacin da muka iso gidanmu. Inna ta fito zaure da kanta, ta zauna a bakin tabarma, ta lulluɓe kai. Onarabul ya gaji, ya ga ni ne mai gidan, ya gane wanda ya ɗaure shi. Sai ya so ya nuna mini shi ma gwani ne. Ya tausasa murya ya ce, “Inna, ya haƙuri? Wallahi na tuna yaron ga sarai, ina ganinshi bayan babanshi wurin taro. Da yanzu ya zama saurayi yana riƙe muku gona. Allah shi jiƙan shi.”

Inna ta janye lulluɓinta. Ta ɗago kai ta dube shi, abin da ban taɓa ganin ta yi wa wani namiji baƙo ba. Ta ce, “Ɗiya mace ta.”

Ya sunkuyar da kai. Ta ce, “Ni na daka dutsen da ya kashe ta, da hannun ga. Na bari, kac ce in ci gaba, na ci gaba. Ni kullum sai na roƙi Allah gahwara. Kai mi kaka roƙo?”

Liman ne ya ɗaga hannu ya yi addu'ar. Da aka shafa, direba ya raɗa wa Onarabul cewa lokaci ya ƙure. Ya tashi ya sa takalmi a hagunce, ya nufi mota. Bai ko kalli filin makaranta ba.

Injuna suna nan a gindin tsauni. An shirya a riƙa fita niƙa da safe a ƙungiya, a dawo kafin la'asar, kuma baƙin nan da kansu suka ce kada a ƙara tayar da zancen. Mai gari ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata, ko a jikina.

Onarabul bai daina sakin saƙonni ba, kuma har yanzu akwai masu tambayata ko bai cancanci a saurare shi ba, tun da dai ya taɓa riƙe jama'a. Ban yafe masa ba, ba kuma na jin zan yafe. Amsata dai ɗaya ce: ya zo ya ƙarasa abin da ya fara, sannan a yi zancen makirfo. Saura unguwar gabas da ta maƙera, ban da iyalan da suka yi gudun hijira zuwa Gummi, su ma sai ya bi su har can.