Ranar da Muka Juya Gadon Malam Iro

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar wata Laraba ne, kuma ranar ba ta fita raina ba. Mu huɗu ne a ɗakin: ni, Sista mai kula da inji, marar lafiya Malam Iro na Wagini, da wansa Alhaji Bawa.

Ina aikin jinya a Batsari aka kawo Malam Iro da ciwon huhu mai tsanani. Muka tura shi Katsina, su kuma suka tura shi wani babban asibiti a Abuja, aka ce in bi su in yi tafinta. A can injin hura numfashi ma ya gaza, sai aka haɗa shi da abin da ban taɓa gani ba: huhu a wajen jiki.

Ga tsarinsa. Da farko bututu mai kaurin babban yatsa yana jan jini daga jijiyar cinya. Sannan jinin ya ratsa wani ɗan akwati, ya sha iska mai kyau, ya saki gurɓatacciya. Daga nan ya koma ta jijiyar wuya. Yana fita baƙi-baƙi kamar zoɓo mai kauri, yana dawowa ja wur. Na tambayi Sista me ya sa ƙirjinsa ba ya ɗagawa sosai. Ta ce da gangan aka bar huhun ya huta.

Muna cikin haka inji ya ɗau ƙara. Alhaji Bawa ne ya zura hannu ƙarƙashin kafaɗar ƙanensa.

"Baba, tsaya! Me za ka yi?"

"Kai ɗan nan, ba ka da ido? Numfashi ya tafi. Alƙibla zan juya shi, yadda muka yi wa mahaifinmu."

Sista ta riga ta dafe bututun. Na ce, "Baba, in wannan ya zame, jininsa zai tsiyaye kafin ka gama kalmar shahada. Bai mutu ba. Huhunsa aka bari saura, kamar gona."

"To wa ke noman?"

Na nuna masa akwatin. Ya duƙa ya daɗe yana bin jinin da ido. "Ikon Allah! Amma fa Iro ba zai kwanta ya ba gabas baya ba."

Na kai wa likita maganar yadda take. Sai ya kira ma'aikata. Ɗaya ya riƙe bututun wuya, ɗaya na cinya, sauranmu muka tura gado da inji tare, a hankali. Alhaji Bawa na gefe kamar ɗan kamasho: "Ƙara kaɗan. Yauwa, nan."

Daga baya Malam Iro ya samu sauƙi, ya tashi. Yau yana Wagini, tudu na sa shi haki, amma shi ke shuka wakensa.

Mutanenmu ba gardama suke yi ba, haƙƙin ɗan'uwansu suke saukewa yadda suka gada. Don haka ina roƙonku, ƙannena a aikin nan: kafin dangi su shiga, ku gaya musu abin da za su gani da abin da ba a taɓawa. Kuma kafin ku kafa gado, ku tambaya ina ne gabas.