Ranar da Na Yi wa Tumatirin Baba Dabarar Mongol

Motar tumatirin Baba ranar Juma'a ya kamata ta iso Inugu. Ta lalace a hanya, ta yi kwana biyu a cikin rana, sai ranar Lahadi da la'asar ta shigo unguwarmu ta Asata tana tari kamar Kakana. Kasuwar Ogbete a rufe take, washegari kuma Litinin. Duk wanda ya zauna a garin nan cikin 'yan shekarun nan ya san Litinin ranar zaman gida ce. Babu kasuwa, babu makaranta, ko keke ɗaya ba za ka ji a titi ba. Waɗanda suka kafa dokar ba mu taɓa ganin fuskarsu ba, amma har akuyarmu ta san da ita, domin ranar ko kukan kirki ba ta yi. Mu Hausawa kuwa kwaɗo biyu muke sa wa ƙofa.

Haka aka sauke kwando ashirin a tsakar gidanmu. Baba ya zagaya su sau uku, ya ɗaga ganyen da aka rufe ɗaya da shi, ya shinshina, ya mayar. Da aka kawo tuwo bai taɓa ba. Ya dubi Umma ya ce, "In kayan nan suka ruɓe, na gama da garin nan. Mu tattara mu koma Kura."

Ni a Asata aka haife ni, shekara goma sha biyar da suka wuce. Kura, garinsu Baba, sau biyu na taɓa zuwa, kuma duka biyun 'yan uwana sun yi ta sa ni in maimaita magana don su yi dariyar Hausata. A nan makarantata take. A nan ƙawata take, 'yar Mama mai injin markaɗe, wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu. A Kura wa zai sayar mini da okpa, alalen gurjiyar nan mai zafi, da safe?

A makon nan malamin tarihi ya raba mana dauloli, kowa ya yi bayani a gaban aji ranar Talata. Ni Mongol na samu. Na yi ta karantawa a wayar Umma har data ta ƙare, na kuma kamu da son su kamar mura. Da safiyar Litinin Baba ya kulle ƙofa, ya jefa makulli a aljihu, ya zauna yana rarrabe tumatir ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na shimfiɗa tabarma kusa da Kaka, mahaifin Baba, ina gwada masa bayanina da ƙarfi.

Na ce masa babban Khan ɗinsu, wato sarkinsu, maraya ne. An sa wa ubansa guba, dangi suka watsar da uwarsa da 'ya'yanta a daji, suka rayu da saiwoyi da ɓeraye. An kama shi an sa masa gungumen itace a wuya, ya bugi mai gadi da gungumen ya gudu, ya ɓuya cikin kogi hancinsa kawai a waje. Daga nan ya haɗa ƙabilun da ba sa ga maciji da juna, ya raba su goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu. Ba ya duba gidan da ka fito, aikinka yake dubawa. Har wanda ya harbe masa doki a wajen yaƙi ya mayar babban kwamanda.

Kaka ya gyara carbinsa ya ce, "Amarya, waɗannan mutanen naki, ba su ne Tatar ba?"

"Su ne, angona."

"Waɗanda suka ci Bagadaza? Suka zuba littattafai a kogi har ruwa ya yi baƙi?"

"Jikansa ne ya yi wannan."

"To, jika ai daga kaka yake koya. Dubi ke." Ya yi tsaki. "Malamanmu da hawaye suke karanta labarin nan, ke kina yi da murmushi. Na sake ki saki ɗaya."

Na ce masa ban musa ba, sun kashe mutanen da ba su ƙirguwa, sun mayar da birane toka. Amma bayan sun gama, sun buɗe hanyoyi. Sun kafa zango-zango, ɗan saƙo ya zo a guje ya sauya doki ya wuce, saƙo ya ƙetare duniya kafin tuwo ya huce. Ɗan kasuwa ya taso daga ƙasar Sin da kayansa har yamma, ba mai tare shi.

Baba, wanda na ɗauka ba ya saurare, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Har ranar Litinin?"

Ya ci gaba da aikinsa.

Kafin azahar ya gama. Kwando bakwai ya jera a inuwar kicin, jajaye masu tauri, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Sauran goma sha uku ya ja su gefen ƙofa. Waɗannan sun yi laushi, wasu sun fashe, ƙuda sun riga sun kira taron dangi a kansu. Bai yi wa kowa bayani ba. Zazzaɓi ne a jikinsa tun jiya, ya yi salla, ya sha magani, ya shiga ɗaki ya kwanta.

Gidan ya yi tsit. Rana ta tsaya a tsakiyar kai ta ƙi motsi. Wari ya fara tashi, irin wanda yake shiga hanci ya nemi kujera ya zauna. Na leƙa ɗakin Umma na gan ta ta sauko da jakunkuna biyu daga kan wadirob tana kakkaɓewa. Na dawo tsakar gida na dubi ƙofa mai kwaɗo biyu, na dubi katangu huɗu, na ji kamar ni ce da gungumen nan a wuya.

A nan dabara ta zo mini. An hana mu titi, amma ba wanda ya ce komai a kan katanga. Bayan gidanmu gidan Mama mai inji ne. Bayan nata akwai babban gidan haya mai ɗaki goma sha biyu. Bayan wannan gidan tela, bayan tela kuma wani gidan hayan. Zango huɗu ke nan, ba tare da ƙafar kowa ta taɓa kwalta ba. Kuma kowace mace a gidajen nan tana zaune da tukunya babu kayan miya.

Na tara runduna. Goma nake buƙata, na sami ƙannena huɗu da 'ya'yan mai haya a gidanmu biyu. Na ƙirga kaina, na ƙirga Kaka ba da saninsa ba, na ƙirga akuya, har yanzu saura ɗaya, na ce Allah zai kawo. Autarmu, wadda ta cije ni a hannu makon jiya, ita na naɗa kwamanda, saboda Khan ma haka ya yi. Na gaya musu dokar Mongol: in ɗaya ya tona, duka goman za su sha duka. Na kifa turmi a gindin katanga, na hau, na yi wa ƙawata fito. Na yi mata bayani da Ibo cikin minti ɗaya. Ta ce, "Kin haukace." Sannan ta tafi ɗauko igiya.

Saura zaɓen kaya. Na dubi na gefen ƙofa, na dubi na inuwar kicin. Wace 'yar mutunci ce za ta aika wa maƙwabta ruɓaɓɓen tumatir? A ce 'yar Alhaji ce ta aiko da wannan? Kuma masu laushin nan kafin su ƙetare katanga huɗu sun zama kunu. Na nuna kwandunan inuwa da yatsa kamar mai nuna birnin da za a ci.

Wallahi aikin ya yi kyau. Ƙannena suna cika bokiti, kwamanda tana zare musu ido, ni ina ɗagawa, ƙawata tana karɓa ta miƙa gaba. Bokiti yana tafiya da ja, yana dawowa da abin da hali ya yi: doya, garin kwaki, ƙwai uku a cikin safa, 'yan canji a ƙulle a leda. Daga zango na huɗu har da saƙon godiya ga Alhaji. Cikin awa biyu na share kwando bakwai tas. Ina tsaye a kan turmi, gyale a ɗaure a ƙugu, ina jin daga nan har Anacha ƙasata ce.

Sai na ji rundunata ta yi shiru. Na waiwaya. Baba ne a bakin ƙofar ɗakinsa, yana kallon inuwar kicin.

Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya tako a hankali ya ɗaga kwando ɗaya, ya juya shi, ya ajiye.

"Wa ya yi wannan?"

Dokar Mongol ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Yatsu shida suka nuna ni, kwamanda da hannu biyu.

Na sauko na fara bayanin zango-zango. Ya ɗaga hannu.

"Waɗannan da kika fitar har Laraba za su kai. Su ne zan kai Ogbete gobe in tsaya a kansu. Don haka na sa su a inuwa." Ya nuna gefen ƙofa. "Waɗancan baje ne, su ne suke mutuwa yau. Ko yaron da ya yi kwana ɗaya a layin 'yan tumatir ya san baje ake fara fitarwa. Kin ceci masu lafiya, kin bar mini marasa lafiya."

Kaka ya ce daga kan tabarma, "Amarya, Tatar ɗinki ma garin wasu suke ci. Ke naki kika ci."

Ba wanda ya yi dariya. Umma tana tsaye a bakin ɗaki da zani a naɗe a hannu. Ni da kaina na ɗaure mana kayan Kura, da igiya da bokiti. Can a titi muka ji ƙarar babur, ya zo a hankali, ya tsaya, ya daɗe, sannan ya wuce. Duk muka daskare har ƙarar ta ɓace. Ko guduwa daga kunya babu inda zan yi.

"Alhaji!"

Kan Mama mai inji ne ya ɓullo a saman katanga, da ɗankwalinta da ya kai rabin kwando. Ta yi magana da Ibo, ni ce tafinta. Ta ce wane irin ɗan kasuwa ne yake raba masu kyau alhali warin marasa kyau ya hana ta barcin rana? Ta ce a miƙo su. Za ta markaɗa, matan gidan haya suna da manyan tukwanen biki, a tafasa har ruwan ya ƙone, masu sayar da abinci a Ogbete za su saya gobe da gudu.

Baba ya ce in gaya mata ƙarar inji ranar Litinin neman fitina ne.

Ta ce, "Biko, don Allah, Alhaji, bar mini wannan." Injin cikin ɗakinta za ta ja shi, ta jingina katifa a ƙofa.

Shekara goma sha takwas Baba yana gidan nan, gaisuwa kawai ke haɗa shi da matar nan, bai taɓa leƙa katangarta ba. Ya tsaya yana kallon turmi kamar dokin da bai yarda da shi ba. Sannan ya cire hula ya miƙa wa Umma, ya tattare riga, ya hau.

"Ke, Khan. Bokiti."

Na cika na miƙa. Ruwan tumatir yana bin hannuna har gwiwar hannu, ƙuda suna yi mini rakiya. Daga bayan katanga injin yana gurnani ƙasa-ƙasa kamar mai minshari a cikin bargo, kuma duk sanda wani abu ya motsa a titi sai ya mutu, mu ma mu tsaya da bokiti a sama. Hayaƙi ya tashi daga gida uku. Kafin magariba kwando goma sun koma manyan robobi huɗu na jan markaɗe mai kauri. Uku ba su ceto ba, har akuya ta shinshina ta juya baya.

Ranar Talata Baba ya ɗora robobin a keke tun da sassafe. Ni na je makaranta na yi bayanina da hannuwa masu warin miya, na dawo na tarar da hukuncina: wanke kwando ashirin da tukwanen biki biyar, ni kaɗai, rundunata tana zaune tana cin ƙwai. Baba ya dawo da yamma da robobi babu komai a ciki. Bai ce an ci riba ba, bai ce an faɗi ba. Ya ci tuwonsa.

Sai ranar Laraba Umma ta tambaye shi, a hankali, ko ta ci gaba da haɗa kaya. Ina bayan labule ina saurare.

"A bari yaran su gama zangon karatun nan," ya ce. "Sannan mu gani."

Zangon ya ƙare, wani ya shigo, yanzu muna cikin na uku. Ba a sake ta da maganar ba, ba a kuma janye ta ba. Duk ranar da motar Baba ta yi latti ko da awa ɗaya ne, sai in kasa cin abinci har in ji tarinta a bakin layi.