Katakon Sulemana da Babu Mai Karɓa

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Sulemana, har yau kayansa ba su gama rabuwa ba.

Tare muka taso a Zangon Kumasi, tare muka yi ƙaura zuwa Amurka, muka sauka a unguwar Tremont. Ni na kama tuƙin tasi, shi ya samu aikin hunturu a wani dutse a arewacin gari, inda ake sulu a kan dusar ƙanƙara. A nan ya kamu da son tseren da ake kira siki kuros: mutum huɗu su ɗaura dogayen katako a ƙafa, su gangaro tare a hanya ɗaya mai kwana da tudun tsalle. Na ce masa wannan ba wasanmu ba ne. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai da kake gwamutsa da motoci a Canal Street? Aikinka nake yi, hon ne kawai ba ni da shi."

Ran wani tsere, a wata kwana suka gogi juna da na kusa da shi. Wancan ya tashi, Sulemana bai tashi ba.

Bayan jana'iza muka yi yadda ake yi a gida. Muka kai kayansa masallaci, kowa ya ɗauka ya sa, lada ya riƙa isa gare shi. Riguna suka tafi, takalma da huluna suka tafi. Katakon nan biyu aka bari jingine da bango. Ladan ya ce, "Malam, wa zai yi salla da wannan?" Na yi tunanin aika su Kumasi, na tuna ko ƙanƙarar ba su taɓa gani ba.

Burinsa 'yarsa Habiba ta gaje shi. Bana da ta kai tsawon katakon, na fito mata da su. Ta dube su, ta amsa mini da Turanci cewa ba ta son ganin abin da ya kashe babanta. Ban ga laifinta ba.

Da yana nan, me zai ce? Ina jin zai yi ta zolayarmu har wani ya ɗaura. Mu ba mu da bakinsa.

Yanzu mai gidanmu ya ce a kwashe ɗakin ajiya na ƙasa kafin ƙarshen wata. Rigar Sulemana ina ganin ta a sahu kowace Juma'a, a jikin wani. Abin da ya fi so a duniya kuwa, motar shara ce za ta karɓa. Allah ya jiƙanka, ƙanena.