Likitar da ke sa ɗalibanta su rufe ido

"Umma, me ya sa wuyan tsohuwar nan ya karkace?"

Ɗiyata mai shekara huɗu ce ta jefo tambayar, da ƙarfinta kuwa, a ɗakin jira na sashen haƙori, daidai lokacin da matar ke wucewa ta gabanmu cikin farar riga. Na kai hannu zan toshe mata baki, amma an riga an ji. Matar ta tsaya, ta juyo da jikinta gaba ɗaya, don wuyan ba ya juyawa shi kaɗai.

"Leƙen bakin mutane ne ya karkata shi, ƙawata," in ji ta. "Ke ma in kin cika leƙe-leƙe, haka naki zai koma."

Ita nake son yi wa jinjina, domin ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma na san ba wani taro za a yi mata ba. Likitar dasashi ce, malamar likitoci. Marasa lafiya na ce mata Dakta. Ɗalibanta kuwa, in ta ba da baya, Rufe-Ido suke kiranta.

Tana riga mai shara isowa. Ta ajiye jaka, ta zauna da ɗan dutsen wasa kaifi, ta bi ƙananan ƙarafan kankare haƙori ɗaya bayan ɗaya kafin a kai su dafawa. Ɗakin ba wani ɗaki ba ne: fanka mai kuka, taga mai makalewa, da kujerar marasa lafiya da in ta kwanta ba ta tashi sai an taimaka mata da ƙafa. Nan ɗaliban ke samunta. Ba yara ba ne. Cikakkun likitocin haƙori ne, wasu da iyali, da suka dawo karatun ƙwarewa na shekara uku a kan dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙora. Ba su da yawa, kuma kullum raguwa suke. Nas ɗin da ta daɗe tare da ita ta ce min yawancin matasa sun fi son ɓangaren farar da haƙori da miƙar da shi. "Wa zai ɗauki hoton dasashi ya sa a waya?" in ji ta.

Ciwon dasashi ɓoyayye ne. Datti ke daskarewa ya zama kamar dutse a jikin saiwar haƙori, can ƙarƙashin nama inda ido ba ya kaiwa, yana cin ƙashi a hankali ba tare da zafi ba. Shi ya sa Dakta ke ɗora hannunta a kan hannun ɗalibi, su zura siririn ƙarfe tare, sannan ta ce, "Rufe ido. Me ka ji?" In ya ce santsi, ta ce, "Ƙarya kake, sake bi." Haka za su yi ta yi har yatsunsa su koyi bambance saiwa mai tsabta da mai kaushi. Nas ta ce sau da yawa abincin ranarta a jaka yake komawa gida.

Abin da ya kai mu wurinta maigidana ne. Malamin firamare ne, mai koyar da karatu, kuma haƙoransa huɗu na gaba, na ƙasa, suna motsi. Ya daɗe yana ganin jini in ya goge baki, sai ya daina goge wurin don kada ya fama. Ya koma magana hannu a baki, a aji ma haka. Wani wuri da muka fara zuwa an ce a cire huɗun a sa na roba. Mutumin da bai kai arba'in ba! Ya dawo gida ya zauna a bakin gado, ya ce min, "Ta yaya zan koya wa yara furta harafi da haƙoran aro?"

Dakta ba ta yi mana alkawari ba. Ta auna, ta duba hoton ƙashi, ta tura shi gwajin suga, ta ce, "Malam, kun makara, amma ba duka ba." Aka yi ta zuwa ana kankarewa, ana koya masa goge baki kamar yaro, ni kuma ina janye da yara daga mota zuwa mota. Mun gaji. Ita ma da gani a gajiye take, takan dafa bango kafin ta miƙe. Daga ƙarshe ta ce sai an ɗaga dasashin an wanke saiwar sosai an ɗinke.

Ranar aikin sai na ga wani dogon ɗalibinta ne ke sa safar hannu, ita kuma ta ja kujera gefe. Raina ya ɓaci.

"Dakta, ki yi haƙuri," na ce, "amma ba a bakin mijina za a koyi aiki ba."

Ba ta ji haushi ba. Ta ɗago hannunta na dama ta miƙo min shi a buɗe. Yatsun suna rawa, kaɗan-kaɗan, ba tsayawa.

"Kin gani, 'yata? Wannan ya gama nasa. Abin da ya sani na zuba a hannun wancan. In ban bar shi ya yi yau ina zaune ba, ranar da ƙawata, ɗiyar nan taki, za ta buƙata, wa za ta samu?"

Maigidana, da leɓe a sandare saboda allura, ya ce, "Ki bar su. Ni ma a kan 'ya'yan mutane na koyi koyarwa."

"Ka ji mai hankalin gidan," in ji Dakta. "Dogo, bismilla."

Na koma bakin ƙofa na tsaya. Ta gilashi na hango Dogo ya gama wankewa, ya zura ƙarfen, ya lumshe ido. Ya buɗe ido ya girgiza kai, ya sake kankarewa, ya sake lumshewa. Dakta ba ta taɓa hannunsa ba ko sau ɗaya. Nata hannuwan ta matse su a tsakanin gwiwoyinta.

Haƙora uku sun tsaya. Na huɗun ƙashinsa ya riga ya tafi, aka cire shi bayan wasu watanni. Ita da kanta ta faɗa mana, ba ta aiko ɗalibi ba, kuma ta daɗe tana kallon gurbin kamar a bakinta yake. Yanzu maigidana yana karatu a aji da hannunsa a kan allo, ba a kan baki ba.

Dakta, ke ce kika zaɓi aikin da ba a gani, kika tsufa a kansa. Ke ce mai ba da hannunki ga wasu tun kafin ya gaza. Ba mu da abin biyanki. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutun da kika daɗe ba ki samu ba. Ku kuma matasan likitoci, na san karatun dogo ne kuma ba a yi masa tafi, amma ku dubi kujerun ajin nan da ke zama babu kowa. Mu masu yara muna buƙatar wasunku su zauna a kai.

Kai kuma mai karatu, ban ce ka jira zafi ba, domin ba zai zo ba sai an gama ɓarna. In ka tofa ruwan goge baki ka ga ja, ko ka gani a na matarka ko na ɗanka, kada ka ce buroshi ne ya yi tauri, kada kuma ka daina goge wurin. Ka je a duba a makon nan. Mu da muka ce sai an samu sarari, haƙori muka bari a can.