Sunan Maccido a Ƙofar Shinge

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, tara ga Afrilu, aka bugo mini waya daga Wurno cewa Malam Maccido ya cika, bayan jinyar kwana shida. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Malam, shekara goma sha ɗaya kana sakataren ƙungiyarmu ta masu kai baƙi ziyara da yawon buɗe ido a Wurno, Rabah da Goronyo. Ni direba ne kawai, amma kai ka koya mini in tsayar da mota nesa da hubbare, baƙi su taka da ƙafa, don masu tallar tabarma su ma su yi ciniki. Ko da tsoron hanya ya kore mana baƙi, ba ka daina yawo da buhu kana tsince leda a bakin dam ɗin Goronyo ba. Muna dariya, muna ce maka sarkin shara.

Da aka ce ƙungiya ta tsara yadda sana'ar za ta ɗore, wata uku ka yi kana zama da masuntan Goronyo. Tsarinka ba shi da ado: baƙi kaɗan-kaɗan, su shiga jiragen masunta, su sayi bandar kifi wurin matan gari. Shugabanni kuwa shinge suke so da masaukin baƙi, daidai gaɓar da masunta ke ɗaure jiragensu. Ka miƙe a taro ka ce, "Baƙo raɓa na, ɗan gari kaba. In munka kori masu ruwa, mi baƙon za shi gani? Wayar shinge?"

Aka ce a ɗaga hannu. Na ɗaga tare da su, Malam, domin an yi mini alkawarin jigilar baƙin masaukin. Ka dube ni. Mako biyu da sauke ka daga kujerar sakatare da karɓe maka hatimin ƙungiya, 'yata Rahama ta kwanta asibiti. Kai ka fara zuwa dubiya, har da kwanon fura. Kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba.

Jiya wurin sadakar uku shugaban ƙungiya ya zo cikin babbar riga, ya matse hawaye, ya sanar cewa za a sa wa masaukin sunanka. Wallahi raina ya ɓaci. Sun ƙi ka da rai, yanzu suna son aron sunanka su toshe bakin masunta. Wane masunci zai tsinke shingen da aka rubuta Maccido a ƙofarsa?

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka, ni ma ya yafe mini. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Inna Uwaliya, da 'ya'yanka, da masuntan Goronyo da suka rasa mai faɗa musu. Allah ya ba ku haƙuri.

Inna, gobe za su kawo miki takarda ki sa hannu a ba su sunan. Ni na riga na ba su nawa hannun. Don Allah, ke ki riƙe naki.