Kwatangwalo Ba Siminti

A layin karɓar hoton ƙashi, a asibitinmu na birnin Semarang, wani dattijo yana zaune a karkace, nauyinsa duk a ɓari guda. Tafukansa sun tsattsage irin na wanda ya tsufa yana kwaɓa siminti. Ina jin magini ne. Ya ɗaga hoton sama, yana duban baƙin tabon da ya kewaye ƙarfen da aka dasa masa a kwatangwalo.

"Baba, likita ta ce ko ƙashi ne ke kama ƙarfen, ko ƙarfen ne ke kwancewa," in ji 'yarsa. "Sai an sake ɗauka bayan damina."

Yana ɗan bubbuga kwatangwalon, kamar mai gwada bango.

"Sun kafa min ƙarfe ba siminti, Sulastri," ya ce. "Na gaji da jiran ginin nan ya kama."